Iyon da Aka Haddace

A ɗakin jiran jarrabawar Turanci ta baka, wata ma'aikaciyar jinya tana ta maimaita amsarta a fili, har wani dattijo da ya rako 'yarsa ya gaji.

"Baiwar Allah, kin ce iyo kike yi lokacin hutu. Kin iya?"

"Ina fa. Malaminmu ne ya ce mu haddace."

"To ki faɗi gaskiya mana."

Ta juyo a fusace. "Wace gaskiyar, Baba? Daga asibiti sai jinyar mahaifiyata. Hutun nake da shi? In faɗa, su tambaye ni wa zan bar wa ita in na ci na tafi waje?"

Dattijon ya harari ƙofar da 'yarsa ta shiga.

"Ba sa tambaya. Tawa ma ba ta tambaya ba."