Ashe Hinde Bakin Malam Take Karantawa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sabi'u mai faci daga Surko. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi haƙuri da rubutuna.

Ƙanwata Hinde tana aji uku. Tun tana ƙarama, idan babba yana magana sai ta ƙura wa bakinsa ido maimakon ta sunkuyar da kai. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Malaminsu ma ya ce rashin kunya ne, ya mayar da ita bencin baya. Sau biyu tana zuwa ta ƙarshe, Baba ya ce in aka gama zangon nan ta zauna gida. Ni dai na lura in na kira ta daga baya ba ta waiwayowa, amma wa zai saurare ni?

Da hutu aka tura malamai bita Birnin Kudu. Ana komawa makaranta, sai ga malamin a ƙofar gidanmu. Ya ce, "Baba, a wurin bita na gane kuskurena ne. Yarinyar nan ba ta ji sosai, motsin baki take bi." Baba ya ce, "Ashe har da mu a zaluntar ta."

Yanzu tana bencin gaba, malam ya daina magana yana kallon allo, Baba kuma ya fasa cire ta. Alhamdu lillahi.

Don Allah, ina ake gwada kunnen yara kusa da mu? Ina gaida abokina Haladu na Dingaya, wanda ake ce wa ɗansa mai taurin kai. Haladu, ajiye bulalar nan tukuna, a duba kunnensa.