Jikar da Ta Zo daga Akara

A tashar da motocin Akara ke sauke fasinja a Yamai, wata tsohuwa ta tare wani mutum, ta miƙa masa wayarta.

"Ɗana, kana jin Ingilishi? Jikata ce ta aiko murya, ban gane komai ba."

"Kaɗan, Iya, na lakwal, wanda na koya a aji. Ta ce tana at the station, wato ta iso tasha."

"Ciki ko waje?"

"Kalmar ba ta bambance ba. Da 'in' ta Ingilishi ta faɗa, da ciki ne. At kuwa, ko bakin ƙofa take, ko wajen masu taksi, duk ya shiga."

"Wannan wane irin yare ne, mutum ya faɗi inda yake amma a kasa samunsa? Yarinya ce, ba Hausa ba Zabarmanci. Kar wani ya yi gaba da ita!"

"Kwantar da hankalinki. Yaya kamanninta?"

"Ban taɓa ganinta ba, can aka haife ta. Ubanta Mansur ya yi ta cewa zai kawo min ita, sai bara aka binne shi a can."

"Allah ya jiƙansa. Ga wata muryar ta shigo. Ta ce ta gane ki daga hoto, tana behind you, wato bayanki."

"Bayana? Nan?"

"Nan ɗin. Doguwa mai jar jaka. Juya mana, Iya."

"Tsaya, duba min tukuna. Tana da wushirya irin ta ubanta?"

"Tana da ita, ga ta tana murmushi."

Tsohuwar ta dafa kafaɗarsa.

"Riƙe ni, ɗana, in juya."