Fom ɗin da Na Ƙi Cikawa

Da kuɗin geron da Inna ta sayar a kasuwar Mai'adua na bar Daura, na ƙulle su cikin safa. Ku matso, ku da kuke ganin aikin kwamfuta tsintar kuɗi ne. Ni da Nura ɗan kawuna muka tafi Abuja, muka kama ɗaki a Mararraba. Burina ɗaya ne, in sayi shagon nan na bakin tashar Daura da Alhaji Mudi ya ce zai sayar in shekara ta zagayo. Nura ya sani sarai, kullum sai na cika masa kunne da zancen.

Fassara muke yi wa wani kamfanin Turawa ta intanet, wai sunanmu firilansa, masu aikin kansu. Mai gidan hayarmu kuwa bai yarda aiki ba ne.

"Ba ofis, ba oga, wuni kuna shanye mini wuta. Yahu kuke yi, damfarar intanet?"

"Haba oga landilo, halaliyarmu muke nema."

"To halaliyar ta ƙaro kuɗin nepa."

Ana nan sai kamfanin ya aiko da fom. Wai ka rubuta sunanka da adireshinka da lambar harajinka ta Nijeriya, ka sa hannu cewa kai ba mazaunin ƙasarsu ba ne. Nan take Nura ya cika. Ni? Ni da na tashi ina raka Baba iyakar Kongolam da kayan fasa-ƙwauri? A gidanmu ba a ba mai haraji suna, balle sa hannu. Na ce masa, "Taubashi, ka kai kanka."

Daga watan nan, aiki iri ɗaya, amma alat ɗin bankinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Wallahi hassada ta ci ni, ba zan ɓoye muku ba. In wayarsa ta yi ƙara sai abinci ya fita raina. Na ce Baturiyar da ke raba aikin sonsa take yi. Na ce wani malami ne ya tsaya masa. Girman kai ya hana ni tambayarsa har wata goma.

Da abin ya ishe ni na rubuta wa kamfanin wasiƙa mai zafi. Suka amsa a layi uku: tunda ban cika fom ba, dokarsu ta tilasta musu yanke mini haraji a kowane biya. In ina son a maido, sai in shigar da takardu ofishin harajin ƙasarsu. Ƙasar da ko filin jirginta ban sani ba.

Da na dawo Daura, allon sunan Nura na tarar a goshin shagon Alhaji Mudi, ya riga ni saye, ya zuba kwamfutoci da injin buga takardu. Fom ɗin kuwa, da na sauko zan cika, sai an buga an sa hannu, kuma duk layin nan shi kaɗai ke da injin. Na shiga, ya buga mini, na miƙa masa kuɗi.

Ya ce, "Haba taubashi, shafi ɗaya ne fa. Bar shi, na yafe."

Wannan yafewar ce har yau ta tsaya mini a wuya.