Hoton Sadaukinmu a Rumfata

Assalamu alaikum malam mai karanta wasiƙu, Allah shi ƙara maka lafiya. Don Allah ka sakaya sunana. Ni bakabe ne, ina saida atamfa ƙetaren iyaka, a kasuwar Malanville.

A rumfata akwai hoton jagoranmu na gida, wanda yat tsaya muna har munka samu 'yancin kai, soji sunka kashe shi. Kullum sai na share mai ƙura.

Da anka yi juyin mulki Kwatano, babban birnin ƙasar da nike zamne, jandarma, wato 'yan sandansu, sunka bi rumfuna suna sauke hoton duk wani ɗan siyasa. Maƙwabcina da yay yi gardama shina kaso, wato kurkuku, har yau. Wani jandarma yat tsaya gabana, yan nuna hoton da sanda, yac ce: "Wane ne wanga mai rawani?"

Sai nic ce: "Babana ne, ya rasu."

Sai yac cire hula yay yi mini ta'aziyya, don shi ma maraya ne. Tun ranar kullum sai ya zo ya zamna ƙarƙashin hoton, shina yi ma tsohona addu'a, ni ko ina amsawa da amin.

To malam, babana na nan da ranshi. Ya aiko cewa shina tahe bayan Salla, kuma rumfata za shi sauka. Masu saurare, ku ba ni shawara. In tsoho yay yi sallama jandarma na zamne, in ce wane ne?