Ƙwayar da Na Jefa Cikin Kofin Ruwa

Iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. In kun ji muryata tana rawa ku yi haƙuri, har yanzu ban gama dawowa daidai ba.

A mota ne, muna dawowa daga asibiti a Kano, daidai Kabo, na buɗe ledar maganina, sai na ga an canza shi. A da kwali uku ake ba ni, masu ƙyalli, daga Turai. Wannan kuwa 'yar roba ce fara guda ɗaya, an rubuta Indiya a jikinta, kuma abin da muka biya bai taka kara ya karya ba.

Ni ce Rifkatu, 'yar Malam Bitrus mai koyarwa a Madadi. Kun san ina ciwo, amma ba ku san sunansa ba. Yau zan faɗa: ƙanjamau ne. Da na gama sakandare na tafi Kano aikin shago, na bi wani da ya yi mini alkawarin aure, na ajiye Ubangiji a gefe. Shi ya rasu, ni na dawo gida kamar tsinke. Lokacin shari'ar Musulunci ta kankama a Kano, tsoro ya hana ni ko leƙa ƙofar gida.

Baba bai taɓa ɗaga mini murya ba. Albashi ba ya zuwa a kan kari, sai ya sayar da babur ɗinsa don a saya mini maganin Turai, ya koma zuwa makaranta a ƙafa. In na fara kuka Mama ta ce, "Ke rabu da shi, tafiyar ce ta rage masa tumbi."

To, duk mun san labarin jabun magani, alli ko garin rogo da aka dunƙule. Kuma kun san gwajin da mata ke koya wa juna a kasuwa: ki jefa ƙwayar a ruwa, in ta narke ruwan ya yi fari, alli ne. Ina isa gida na gwada. Ta narke! Na zauna a bakin gado na ce shi ke nan, 'yan asibiti sun ga ba zan yi rai ba, sun sallame ni da alli.

Ban faɗa wa kowa ba. Ta yaya zan faɗa? Ranar Baba har rawa ya taka a tsakar gida, yana cewa magani ya yi araha, zai sayi keke. In na buɗe baki, keken ɗinkin Mama ne zai bi babur. Sai kullum in kurɓi ruwa a gabansu kamar na haɗiye, in jefa ƙwayar a gwangwanin madara. Kwana goma sha biyu! Tari ya dawo, bakina ya yi gyambo.

Mama ce ta ci karo da gwangwanin tana neman daddawa. Ta zo ta girgiza shi a gabana.

"Rifkatu, mene ne wannan? Adashi kike yi da su?"

Na fashe da kuka na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa a kan siminti, ta riƙe kaina, ta ce, "Ya Yesu, ni ban yi boko ba, ban san alli ba ban san magani ba. Kai ka sani. Nuna mana wanda za mu tambaya." Muna cewa amin ta miƙe ta ɗauki mayafi. "Tashi, wajen Malam Garba za mu."

Malam Garba abokin Baba ne, Musulmi, tsohon ma'aikacin ɗakin magani, yanzu yana da ɗan shago a Gwarzo. Bayan an tambayi gajiya da iyali da damina, Mama ta ajiye masa robar. Da ya ji gwajin da na yi, sai ya ɗauko maganinsa na hawan jini ya jefa a kofi. Ya narke fari fat.

"To, ni ma alli nake sha ke nan shekara da shekaru? 'Yata, in bai narke ba ta ina zai shiga jini? So kike ya zauna a cikinki kamar tsakuwa?"

Na ce, "Baba Malam, arahar fa?"

Ya ce, "Doka ce. Kamar a ce mace ɗaya ta fara tuyar masa a garin nan, sai aka ba ta takarda cewa shekara ashirin ba mai kafa tanda sai ita. Ko nawa ta yanka haka za ki saya. Yanzu an sassauta dokar saboda talakawa irinmu, wasu ma sun kafa tanda. Masar ɗaya ce."

Sai kuma fara'arsa ta ɗauke. Ya ce ciwon nan in aka yanke masa magani yakan saba da shi ya daina jinsa. In sha yanzu a gabansa, in koma asibiti in faɗi gaskiya.

'Yan'uwa, na koma, likita ya ce sai an ba maganin lokaci a sake auna jini. Makonnin nan ban san yadda suka wuce ba. Da hannuna na yi wa kaina, bayan Baba ya taka ƙasa saboda ni. Abin da nake iya faɗa kawai, "Yesu, kada wautata ta cinye wahalar Baba."

Ban warke ba, kada ku ce na ce. Safe da yamma nake sha, Mama tana tsaye a kaina sai na fiddo harshe ta duba. Malam Garba ya ce ana raɗe-raɗin sake tsananta dokar, don haka ku sa masu rubuta ta cikin addu'a. Kuma duk mai ɓoye tsoro a gwangwani, ta fito da shi, ta dogara ga Ubangiji, yana da mutanensa inda ba ta zata ba.

Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, likita ya kira sunana. Baba ya cire hula yana murza ta. Likita ya daɗe yana duba takarda, sannan ya ɗago.

"Sojojin jininki sun ƙaru. Maganin yana aiki. Kin tsallake, Rifkatu, amma kada ki kuma."

Mama ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti. Baba ya share ido da hular ya ce, "To, yanzu in sayi keken nawa?"

Na gode wa Yesu! Ku taya ni cewa Halleluya!