Muryar Yayana a Cikin Kunnena

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Illa mai kalangu, daga Barmu.

Tun muna samari nake yi wa yayana Hamidu kiɗi yana waƙa. A lokacin lasifika guda ake ɗaurawa bisa icce, in ta kama kuwwa ba mai jin wani. Shi ya sa in zai juya waƙa sai ya taka mini ƙafa.

Bara Allah ya yi masa rasuwa. Kwanan baya aka kira ni biki a Tawa. Mai kayan sauti ya saka mini wani ɗan abu a kunne, ya ce, "Baba, da wannan komai za ka ji tsaf." Ashe tsohon kaset na Hamidu suka gyara, ni zan bi shi da kiɗi.

Wallahi har numfashinsa na ji, abin da ban taɓa ji ba yana raye. Da muka zo wurin juyi, sai na miƙa ƙafa ina jira. Waƙa ta juya, ta bar ni tsaye.

Sun sake kirana. Masu sauraro, ku ba ni shawara, in je? Tsoro nake ji, kuma ina so in ƙara jin shi.