Na Daina Cin Man Shanu

A tashar Kankia ana jiran motar Kusada ta cika, sai wata mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta gaban wata mata mai jiki.

"Hajiya, ga man shanu, yau da safe na kaɗa shi."

"Na daina ci, baiwar Allah. Daga asibiti nike. An auna jinina, likita ta ce kitse ya yi yawa a ciki."

"Kitse a jini? Haba Hajiya, jikin nan naki ai hutu ne."

"Haka ake ce ma yayata Lailatu. Ta fi ni jiki, kowa na yabawa. Bara tana tuƙa tuwo ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Har yau ni ke yi mata wanka."

"Subhanallahi! Allah ya ba ta lafiya."

"Amin. In ni ma na kwanta, wa zai ɗaga ta? Shi ya sa kullum da safe nike zagaya gonarmu sau uku. Matan unguwa suna mani dariya, wai na shiga soja. Su yi ta yi, ba ni fasawa."

Mai nonon ta matso kusa da ita.

"Innata ma haka ta faɗi, muka ce iska ce. Hajiya, awon nan ana yi ma kowa?"

"Kowa. Ki je, kada ki jira."

"Zan je ran kasuwa. Ga nono, an kaɗe mansa tas."

"Shi zan sha. Zuba mani, banda sukari."